Maganin feshi cikin ruwanmu: mi filasma ke iya yi, kuma ina ta tsaya

Jama'a akwai abin da da yawa cikinmu munka ɗauka game da ruwa, wai in dai an tafasa shi ko an ɗiga mishi jabel shikenan ya zama na sha. Wannan gaskiya ne in ƙwayoyin cuta ne a ciki, masu kawo zawo da kwalara da taifod, zafi na kashe su jabel ma na kashe su. Amma maganin ƙwari da na haki da ake feshi da su a garka ba masu rai ba ne balle a kashe su, sinadarai ne, kuma mafi yawansu kana tafasa ruwan suna nan zaune daram, wani lokaci ma ruwan ya ƙone ya ragu shi maganin ya ƙara ƙarfi cikin wanda ya saura. Alam da ƙwayar zogale kuwa laka suke kwantarwa, ruwa ya yi garau ido ya gamsu, amma abin da ya riga ya narke ba ruwanshi da su. Shi ya sa da na ga masana a ƙasashen waje sun duƙufa kan wata dabara ta farfasa maganin ƙwari cikin ruwa da wutar lantarki, wadda suke ce ma filasma, na ga ya kamata mu zauna mu fahimce ta, saboda mu nan Maradi maganar ba ta nesa ba ce ko kaɗan.

Duk wanda ya san Jiratawa da Sumarana da Tarna da Safo har zuwa Madarumfa lokacin rani ya san yadda fadamar Gulbi ke cika da shuka, tumati, tattasai, shu, salati, albasa, zogale, kuma ya san ba a kai su kasuwa sai da feshi. Tun da tsutsar tumati ɗin nan mai huda ganye da 'ya'ya ta shigo ƙasar nan feshin ya ƙaru, sannan tsutsar masara ita ma ta zo ta same mu. Manomi ba shi da laifi in ya ruga wajen mai magani, kuɗin iri da taki da esans na injin ban ruwa duk sun shiga ƙasa, ba zai tsaya yana kallo tsutsa ta cinye mishi ba. Inda matsalar take shi ne irin maganin da yadda ake yi da shi. Akwai kwamitin da ke tantance magungunan feshi na ƙasashen Sahel, CSP, ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, mazauninshi Bamako, shi ke cewa wanga an yarda wanga ba a yarda ba, ya ma hana endosulfan tun 2007. Amma RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, da ke bin kasuwannin Nijar tana duba kwalaben da ake saidawa ta sha faɗi cewa mafi yawansu ba su da izinin kwamitin, ta iyaka suke shigowa, ta Dan Isa da sauran hanyoyi, mai saidawa ya shimfiɗa su cikin rana kusa da mai ƙuli-ƙuli, shi kanshi ba ya iya karanta abin da ke jikin kwalbar.

Ku dubi abin da ke faruwa bayan an gama feshi. Mutum ya sauke pompo mai lita 16 daga bayanshi, rigarshi ta jiƙe da magani tun daga kafaɗa har ƙugu, ya nufi bakin rijiyar garka tunda nan ruwa yake, ya kwance murfi ya zuba ruwa ya girgiza ya tuntsurar nan ƙasa taku biyu daga rijiyar, ruwan fari kamar an dama shi, ya bi rairayi ya ɓace nan take. Ya wanke hannu da fuska da gugar da za a sake jefawa. Kwalbar kuma ko a yar da ita cikin kwalbatin ban ruwa ko yaro ya ɗauke a kai gida a ɗauraye a zuba mai ko kananzir. Ƙasar fadama rairayi ce a wurare da dama, ruwan ƙasa kuma yana kusa, 'yan mitoci ne, kuma wannan rijiyar dai ita masu aiki ke sha da rana, ita ake shayar da bisashe, ita ake wanke salatin da za a kai kasuwa. Ni wannan wankin pompon ya fi tada mini hankali bisa feshin kanshi, saboda feshi ya bazu kan ganye rana ta dake shi, wannan kuwa a wuri guda yake sauka da ƙarfinshi kuma kullum wurin guda ne.

Magungunan ba halinsu ɗaya ba. Piya-piya, wato dichlorvos, dafinshi mai saurin kamu ne amma cikin ruwa ba ya daɗewa sosai, kwanaki ne ya fara lalacewa. Irin su lambda da cypermethrin ba sa son narkewa, laka suke kamawa, sai dai kifi ba ya jure su ko kaɗan, abin da ya kamata masuntan tafkin Madarumfa su sani ke nan. Glyphosate yana manne ma ƙasa. Amma atrazine na kashe haki, da irin su imidacloprid, waɗannan suna narkewa su bi ruwa su gangara ƙasa, atrazine kuma yana iya zama cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa shekaru, har a Turai da sunka daina aiki da shi tun wajen 2004 ana ci gaba da ganin burbushinshi cikin rijiyoyinsu.

Kuma abin da ake magana a kai ƙanƙane ne ƙwarai. Dokar Tarayyar Turai ta ce kada maganin feshi guda ya wuce mikrogiram 0.1 cikin lita ta ruwan sha (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), duka a haɗe kada su wuce 0.5. In ka lissafa, giram 1 tak ya isa ya kai lita miliyan 10 wannan iyakar, wato bidon mai lita 25 har guda 400,000. Kwalbar da anka rubuta 500 a jikinta ma'anarta giram 500 cikin lita, to murfi guda mai mililita 10 yana ɗauke da giram 5. Iyakar Turai ta taka-tsantsan ce, ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi sassauci ga wasu magungunan, Amurka kuma ta tsaida atrazine kan mikrogiram 3, amma ko wace ka ɗauka abin da ido ko hanci ko harshe ba za su taɓa gane shi ba ne. Ruwa na iya zama garau mai daɗi yana ɗauke da shi.

To mi ake yi da irin wanga ruwa kafin zuwan filasma? Hanyoyi biyu sunka fi yawa. Akwai gawayi na musamman da ake gasawa har jikinshi ya cika da ƙananan ƙofofi, ruwa ya bi ta ciki maganin ya maƙale. Yana aiki sosai, amma ran da ya ƙoshi ya daina kamawa, kuma ba ya sanarwa, sai ka wayi gari da buhun gawayi cike da dafi kana neman inda za ka kai shi. Akwai kuma tacewa ta matsi da wasu masu piya wata ke yi, a tura ruwa da ƙarfi ta wata fata mai ƙofofin da kusan ruwa kaɗai ke wucewa, gefe guda mai kyau ya fito, ɗaya gefen kuma ragowar ruwa ta fito da duk dattin a tattare, ita kuma yawanci kwata ake sakinta. Duka biyun raba dafin da ruwa suke yi su aje shi wani wuri, dafin kanshi yana nan yadda yake. Abin da ya bambanta filasma shi ne ita farfasa shi take yi.

Mi ake nufi da filasma? A lakkol an koya muna abu na zama iri uku, daskararre, ruwa-ruwa, da iska. In ka ci gaba da ɗura ma iska ƙarfi, da zafi ko da lantarki, sai ƙwayoyin da sunka haɗa ta su fara sakin ilaktaron ɗinsu, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, iskar ta koma cakuɗen ƙwayoyi masu caji, ta fara ɗaukar kuran tana haske. Wannan ne hali na huɗu. Mun san shi ba mu dai san sunanshi ba, walƙiyar damina shi ne, hasken da mai walda ke kare ido daga gare shi shi ne, abin da ke cikin doguwar ampul mai farin haske shi ne, rana kanta shi ne. Wani masani Ba'amurke Irving Langmuir ya raɗa mishi sunan a 1928. Na walda da na walƙiya masu zafi ne, komi na ciki ya ɗau zafi. Wanda ake aikin ruwa da shi ana ce mishi mai sanyi, kuma nan hikimar take, ana ba da lantarki mai ƙarfin bolt dubbai amma a gutsuttsure, ko a sa gilashi tsakanin ƙarafan biyu ya hana wutar zama tartsatsi guda mai ci, ta yadda ilaktaron kaɗai ke samun ƙarfin, su zafinsu ya kai digiri dubun dubata, amma iskar gaba ɗaya tana nan kusa da zafin ɗaki. Ke nan ba a ɓata kuran wajen dafa ruwa, ana kashe shi wajen harba ilaktaron.

Su ilaktaron ɗin nan in sun yi karo da ƙwayar ruwa sai su tsaga ta. Ƙwayar ruwa haidurojin biyu ce da oksijin guda, in ta tsage sai a samu wani gutsure mai oksijin guda da haidurojin guda, OH, wanda bai cika ba, saboda haka duk abin da ya tarar kusa sai ya fizgi wani abu daga jikinshi. A ma'aunin ƙarfin cin sinadarai shi yana kan bolt 2.8, ozon na kan 2.07, haidurojin feroksaid wajen 1.8, kulorin da ke cikin jabel 1.36. Kuma filasma ba OH kaɗai take haifarwa ba, tana yin ozon, tana yin feroksaid, tana fidda hasken UV da ido ba ya gani, in cikin ruwa anka kunna ta har da girgiza mai ƙarfi, duka lokaci guda wuri guda, ba tare da an sayo buhun wani sinadari an zuba ba. Ƙwayar maganin ƙwari kuwa gini ce ta kabon da haidurojin da ake liƙa ma kulorin ko fosfor ko sulfur ko azot, kuma siffar ginin ce dafin. OH ya ciro nan, ya ɓalle can, zobe ya buɗe, babba ya zama ƙanana, in anka bi shi har ƙarshe abin da ke saura iskar kabon ce da ruwa da 'yan gishiri irin su kulorid da fosfat da sulfat.

Sai dai OH ba ya rayuwa, ƙasa da ƙiftawar ido nesa ba kusa ba ya riga ya ci wani abu ko ya haɗe da ɗan uwanshi. Ba ya tafiya ko'ina. Don haka duk aikin a fatar ruwa yake faruwa, daidai inda filasma ta taɓa ruwa, kuma duk gardamar masu ƙera injinan a nan take, ta yaya za a kawo ruwa mai yawa ya gamu da wutar. Wasu su sa ruwan ya riƙa gangarowa siriri jikin bututu filasma na lasar shi, wasu su fesa shi ya zama raɓa cikin wutar, wasu su busa kumfa daga ƙasa su kunna wutar cikin kumfar. A jami'ar Gand ta Beljiyam an yi aiki mai yawa kan irin mai gilashi a tsakani, kuma da magungunan feshi irin su atrazine sunka gwada. Asalin wannan tsarin ma tsoho ne, Werner von Siemens ya ƙera bututun yin ozon da shi tun 1857, garin Nice na Faransa kuma ya fara tsabtace ruwan shanshi da ozon tun 1906. Akwai wani iri da ya fi burge ni saboda sauƙinshi, ƙarafa biyu masu siffar wuƙa a tsaye, ƙasansu kusa samansu a buɗe, a ba su wuta wajen bolt 10,000, tartsatsi ya kama a wurin da ya fi matsewa, a busa iska mai laima ta tura shi yana zamewa yana tsawo har ya tsinke wani ya sake kamawa, harshen wutar na sauka kan ruwan da ke ƙasa. Masana a jami'ar Yaounde ta ɗaya a Kamaru sun daɗe suna aiki da wanga iri kan gurɓataccen ruwa, tare da abokan aikinsu na Faransa. Wato ba abin da ya fi ƙarfin jami'ar Afirka ba ne.

A ɗakin gwaji sakamakon na da kyau, a zuba magani cikin ruwa mai tsabta kofi guda ko lita guda, a kunna, bayan mintoci a auna a ga kusan duka ya ɓace. Nan ne mai karanta labarin a waya zai ce to an gama, a kawo muna. Ni kuma nan nike so mu tsaya mu duba da kyau.

Ɓacewar sunan magani daga ma'auni ba ita ce ɓacewar dafi ba. Injin awo an ce mishi nemi chlorpyrifos, ya nema bai gani ba, amma abin da chlorpyrifos ke fara zama in oksijin ya ci shi ana ce mishi oxon, kuma oxon ɗin ya fi uwar tashi dafi, shi ne ma ainihin abin da hantar mutum ke maida maganin kafin ya kama jijiya. Haka malathion ke zama malaoxon, parathion ya zama paraoxon. Wannan dangin magungunan aikinsu toshe wani sinadari ne a jiki da ke sa jijiya ta saki bayan ta kama, shi ya sa wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa za ka ga miyau na zuba, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi na sarƙewa. A nan bari in ratse in ce don Allah in haka ta faru a daina tsayawa ɗura ma mutum nono ko manja, a tuɓe mishi rigar a wanke jikin da sabulu a ruga asibiti da kwalbar a hannu, akwai allurar atropine da likita ke yi. To in anka kashe injin filasma da wuri, don kuran ya ɗauke ko don mai shi na son rage kuɗin wuta, an kashe maciji ne ba a sare kai ba. Jabel ma na iya maida waɗannan magungunan oxon, wannan sananne ne. Atrazine shi kuma yana zubar da rassanshi da sauƙi ya bar 'ya'ya masu kama da shi, zoben tsakiyarshi kuwa taurin kai gare shi, OH da ƙyar yake taɓa shi. Glyphosate na barin wani abu da ake ce ma AMPA. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi ma duk mai tallan injin ita ce mi maganin ya koma, kuma an gwada ruwan kan wani abu mai rai an gani?

Sai maganar iska. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 azot ce, in ka yi filasma da ita azot ɗin ma na tsagewa ya haɗu da oksijin ya narke cikin ruwan ya zama nitrat da nitrit, ruwan ya yi tsami sosai. Ga shuka wannan kusan taki ne, har akwai masu binciken yin taki ta wannan hanyar. Ga ruwan sha kuwa matsala ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaida nitrat kan miligiram 50 a lita, nitrit kan 3, saboda jarirai, yana hana jininsu ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Rijiyar da ke tsakiyar garka inda ake zuba taki da kashin dabbobi dama tana iya zuwa da nata nitrat ɗin. Mafita a yi aiki da oksijin zalla ko iskar argon, amma wannan sayen kwalba ne, kuɗi sun ƙaru, kuma daga nesa za a kawo.

Ruwanmu kuma ba ruwan ɗakin gwaji ba ne. OH ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar ci yake, ruɓaɓɓen ganye, laka, gishirin kanwa-kanwa da ke narke cikin ruwan rijiya, kuma waɗannan sun ninka maganin ƙwarin sau dubbai cikin ruwan. Ke nan mafi yawan ƙarfin da ka biya kuɗinshi a kansu zai ƙare. Ruwan Gulbi na damina ja wur, sai an kwantar da shi an tace kafin ma a fara maganar filasma.

Lissafin kuran ɗin ma akwai abin lura. Masana na auna irin waɗannan injinan da yawan wutar da ake ci kafin a rage magani da kashi 90 cikin 100 a ruwa lita 1,000, kuma tsakanin injin da injin bambancin babba ne, wani 'yan kilowat kaɗan wani ɗaruruwa. Abin da ke ciki shi ne kusan wutar da ta sauko da kai daga 100 zuwa 10, ita za ka sake biya daga 10 zuwa 1, ka sake biya daga 1 zuwa 0.1. Ruwa mai yawa mai ɗan magani kaɗan shi ya fi kowane tsada a kan kowane giram da anka lalata. Mu kuma mun san halin kuran ɗinmu, layin da ke ciyar da Maradi daga Katsina yake zuwa, kuma kowa na tune da yadda anka yanke wutar Najeriya a watan Agusta 2023 ba ta dawo ba sai Maris 2024, gurup da pano sunka riƙe gari. Ga bolt dubbai kusa da ruwa, wannan ba abin da za a aje a tsakar gida yara na wasa ba ne, ozon ɗin da ke tsira daga injin shi ma yana cutar huhu in ɗakin a rufe yake.

Wani abin da bai kamata ɗan Maradi ya manta ba shi ne Tibiri. Foraj ɗin da anka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ruwanshi na ɗauke da fuliyor, wani sinadari da ruwa ke ɗebowa daga duwatsun ƙasa, da ya ninka iyakar miligiram 1.5 ta Hukumar Lafiya ta Duniya, an daɗe ana sha ba a sani ba, har dubban yara sunka samu lahani, haƙora sun rine ƙafafu sun lanƙwashe, wasu yau magidanta ne suna nan da shi. Filasma ba za ta yi ma wannan komi ba, fuliyor ƙwayar asali ce ba gini ba, babu abin farfasawa, haka gishiri, haka dalma da sauran ƙarafa masu dafi. Abin da ya cuci Tibiri rashin awo ne, ruwa garau ana sha shekara da shekaru. Kuma awon maganin ƙwari ya fi na fuliyor wuya da tsada nesa, sai manyan injinan labo masu rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya da ma'aikatan da sunka ƙware da su. Injin filasma ba tare da labon da zai duba bayanshi ba ni tsoro yake ba ni, saboda zai sa mutane su saki jiki.

To duk da haka ina amfaninta? Akwai, kuma misalin da ya fi nuna shi ba ma na maganin ƙwari ba ne. A Amurka masana na jami'ar Clarkson sun ƙera injin filasma don wasu sinadarai masu suna PFAS da ke cikin kumfar kashe gobara, waɗanda kusan ba abin da ke lalata su. Dabararsu su busa argon daga ƙasan ruwa, kumfar ta kwaso sinadarin ta kawo shi sama, filasma na jiranshi a fatar ruwan. Sun ɗora injin cikin tirela sunka kai shi sansanin sojan sama na Wright-Patterson a jihar Ohio a 2019 sunka gwada da ruwan rijiyar wurin na gaske. Abin koyi a ciki shi ne a fara tattara dafin wuri guda sannan a kai mishi wuta. In munka ɗauko wannan tunanin zuwa gida, wurin filasma shi ne ruwa kaɗan mai dafi da yawa, ruwan wankin pompo na ƙungiyar manoma in an gina dandamalin siminti guda kowa ya wanke a nan ya taru a tanki, ruwan ɗaurayar kwalabe, ragowar ruwan masu tacewa ta matsi, ruwan wanke ma'ajiyar da tsoffin magunguna sunka zube. Irin wannan ba ruwan sha za a maida shi ba, saboda haka nitrat bai zama damuwa ba, kuma ba gaggawa, ana iya tara shi a kunna injin da rana tsaka lokacin da pano ke ba da wuta, wadda ita dai Allah ya hore muna.

Ko a nan ɗin ma tana da abokin takara mai arha. A Suwidin tun 1993 manoma ke haƙa rami su cika shi da cakuɗen ƙasa da tattaka da ruɓaɓɓen ganye su shuka haki a kai, a nan ake cika pompo a nan ake wanke shi, ƙananan halittun cikin cakuɗen su cinye maganin a hankali cikin watanni, Faransa ma na da irin nata. Karan hatsi da takin gargajiya ba su gagare mu ba, sai dai a shafe ƙasan ramin da siminti ko a shimfiɗa roba mai kauri saboda rairayinmu. Ni a ganina wannan ya kamata ya riga filasma isowa Jiratawa, ita kuma a aje ta ga magungunan da ƙwayoyin ƙasa ba sa iya ci. Sannan ɗauraye kwalba sau uku a juye ruwan cikin pompo a fesa shi kan shukar, a huda kwalbar kada ta koma gida, wannan ko dala ba ya ci.

Kuma kada mu raina abin da anka riga anka yi a garin nan wajen rage maganin tun daga tushe. Buhun PICS mai riɓi uku da ke aje wake ba tare da ɗigon magani ba, masanan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, na Tarna na cikin waɗanda sunka yi aikin gwada shi da yaɗa shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka, ƙwaro ya rasa iska ya mutu da kanshi. Wanda ya san cewa Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya a 2015 saboda piya-piyan da anka samu a ciki ya san darajar wanga buhu. Haka ɗan ƙaramin zanzaron da ake saki a gonakin hatsi yana kashe murzuna, shi ma daga nan Maradi anka yi ta aikin yaɗa shi ƙauyuka.

Abin da nike fata daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo shi ne ɗaliban kimiyya da na aikin gona su haɗu kan wannan, injin filasma mai ƙarafa biyu masu siffar wuƙa ɗin nan ba ya bukatar kayan da sunka wuce transfo da ƙarfe da pompon iska da gilashi, tare da malamin da ya san hatsarin babbar wuta. Amma kada su fara da ruwan kwalba mai tsabta don a samu sakamako mai daɗin rubutawa. A ɗebo ruwan wankin pompo na gaske daga garka, da lakarshi da sabulunshi da magani uku da manomi ya gauraya, a raba shi biyu, rabi a injin rabi a ramin tattaka, a aika samfur labo kafin da bayan, a nemi maganin a nemi oxon ɗinshi a auna nitrat da tsami, a saka 'yan kifi ko a shuka irin salati a ciki a ga abin da zai faru da su, a kuma rubuta kilowat nawa kowace lita ta ci da kuɗinta a sefa.